Babi na Bakwai: Virbhadra Singh da Siyasar Duwatsun Himachal

Lokacin da Turawan Ingila suka bar Indiya a watan Agusta na 1947, ƙasar da suka bari kashi biyu ce ta fuskar mulki, domin akwai lardunan da gwamnonin Turawa ke riƙe da su kai tsaye, akwai kuma masarautu fiye da 560, manya da ƙanana, waɗanda sarakunansu ke tafiyar da harkokin cikin gida a ƙarƙashin idon wani jami'in Bature, bisa sharaɗin cewa sha'anin yaƙi da hulɗa da ƙasashen waje yana hannun Ingila. Wanda ya san tarihin mulkin En'e a Arewacin Nijeriya zai gane wannan tsari da wuri, kuma shi kansa Gwamna Lugga a birnin Madras na Indiya aka haife shi a 1858, a wannan yanki kuma ya fara aikin soja. Sai dai hanyar da Indiya ta bi bayan samun mulkin kai ta sha bamban, saboda cikin 'yan shekaru kaɗan ta narkar da masarautun a cikin jihohi, sannan a 1971 ta shafe sarautar daga tsarin mulkinta baki ɗaya. Duk da haka 'ya'yan sarakunan ba su ɓace daga fagen mulki ba, da yawansu sun sake dawowa ta ƙofar zaɓe. A cikin waɗanda suka dawo ɗin, kaɗan ne suka daɗe suna jan ragamar jiha kamar Virbhadra Singh na gidan sarautar Bushahr, wanda aka rantsar da shi Babban Ministan jihar Himachal Pradesh har sau shida, ya yi kimanin shekara 21 a kan kujerar. Babban Minista a tsarin Indiya shi ne shugaban gwamnatin jiha, kuma daga cikin 'yan majalisar dokoki yake fitowa, ya ci gaba da mulki muddin rinjayen majalisar yana tare da shi.

Masarautar Bushahr

Bushahr tana cikin manyan masarautun duwatsun yammacin Himalaya ta fuskar faɗin ƙasa, ta miƙe tare da kogin Sutlej tun daga kwarurukan da ke gabas da Shimla, babban birnin Himachal a yau, har zuwa yankin Kinnaur da ke kan iyakar Tibet. Fadar sarki tana garin Rampur a bakin kogin, tsohuwar cibiyar gidan kuma tana Sarahan, can bisa tudu, inda ɗakin bautar Bhimakali yake, wato abar bautar da gidan sarautar ke ɗauka a matsayin uwar gijiyarsa. Al'adar gidan tana danganta asalinsa da Pradyumna ɗan Krishna, abin bautar mabiya addinin Hindu, kuma bisa wannan lissafi na gargajiya Virbhadra ne sarki na 122. Arzikin masarautar ya dogara ne kan fatauci da Tibet da kuma dazuzzukan itacen diyoda, wani dogon itace mai ƙamshi da katakonsa ke jure ruɓewa. Kasuwar Lavi, wadda har yanzu take ci a Rampur kowane watan Nuwamba, ana danganta ta da yarjejeniyar ciniki da sarki Kehri Singh ya ƙulla da Tibet a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a cikinta fatake kan baje ulun fashmina da busassun 'ya'yan itatuwa da 'yan gajerun dawakan Spiti masu iya hawan dutse. Mayaƙan Gurkha na Nepal sun mamaye ƙasar a farkon ƙarni na 19, bayan Turawa sun kore su a 1815 suka mayar da gidan kan gadonsa, amma a ƙarƙashin inuwarsu.

Rayuwar talaka a waɗannan masarautu tana da tsanani, kuma babban abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake kira begar, wato aikin tilas ba tare da lada ba, inda ake tara magidanta su ɗauki kayan jami'ai da na fada a ka da baya, su bi hanyoyin da ko alfadari sai ya yi hankali. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Stokes, wanda ya zauna a Kotgarh kusa da iyakar Bushahr, yana cikin waɗanda suka yi fice wajen yaƙar wannan ɗabi'a, kuma shi ne ya kawo irin tuffa mai zaƙi daga Amurka a 1916, irin da daga baya ya zama ƙashin bayan tattalin arzikin yankin. A shekarun 1930 da 1940 ƙungiyoyin talakawa da ake kira Praja Mandal suka bazu a masarautun duwatsu suna neman a sa wa ikon sarakuna linzami, kuma daga cikinsu ne Yashwant Singh Parmar na ƙasar Sirmaur ya fito, wanda ake ɗauka a matsayin uban kafa Himachal.

Daga gado zuwa majalisa

An haifi Virbhadra Singh a Sarahan ranar 23 ga Yuni, 1934, mahaifinsa Raja Padam Singh kuma ya rasu a 1947, saboda haka yaron ya gaji sarauta yana ɗan shekara 13, daidai lokacin da sarautar ke shirin rasa ƙasarta. Ranar 15 ga Afrilu, 1948 aka haɗe masarautun duwatsu 30, har da Bushahr, aka kafa lardin Himachal Pradesh a ƙarƙashin kwamishinan da Delhi ta naɗa. Abin da aka bar wa sarakunan da suka miƙa ƙasashensu, bisa yarjejeniyoyin da Sardar Vallabhbhai Patel da V. P. Menon suka tsara, shi ne laƙabinsu da fadojinsu da wasu alfarmomi, sai kuma wani kuɗi na shekara-shekara daga baitulmalin tarayya wanda ba a cire masa haraji. Yaron ya yi karatu a makarantar Bishop Cotton da ke Shimla, sannan ya wuce kwalejin St. Stephen's ta Delhi, makarantu biyu da suka shahara wajen rainon 'ya'yan manya, ta yadda ya fito da harshen Ingilishi da sanin manyan gobe, alhali a gida mutanen kwarin Sutlej ba su daina kallonsa a matsayin sarkinsu ba.

A zaɓen 1962 ya tsaya takarar kujerar Mahasu a majalisar wakilai ta tarayya, wadda ake kira Lok Sabha, a ƙarƙashin jam'iyyar Congress ta Jawaharlal Nehru, ya ci yana ɗan shekara 27, ya sake ci a 1967. Zaɓin jam'iyyar yana da muhimmanci, domin a wannan zamani 'ya'yan sarauta da dama sun karkata zuwa jam'iyyun adawa masu kare dukiya da gado, kamar yadda Gayatri Devi ta Jaipur da Rajendra Narayan Singh Deo na Odisha suka yi fice a jam'iyyar Swatantra, Vijaya Raje Scindia ta Gwalior kuma ta ƙare a Jana Sangh. Congress tana bukatar irin waɗannan sunaye a yankunan da ba ta da rassa masu ƙarfi, inda ƙauyuka ke warwatse a kan duwatsu, mafi yawan masu zaɓe ba su iya karatu ba, kuma sunan da kowa ya sani tun daga kakanni ya fi kowace takardar manufa saurin isa kunne. A shekarar da ya shiga majalisa ne kuma yaƙin Indiya da Sin ya rufe iyakar Tibet, ya kashe fataucin da Rampur ta ginu a kansa, ta yadda jama'ar yankin suka koma dogaro da abin da gwamnati za ta kawo, wato hanya da makaranta da aikin albashi.

Shekarar 1971 ta zo da abubuwa biyu da suka tsara sauran rayuwarsa. Ranar 25 ga Janairu Himachal ta zama cikakkiyar jiha, ta 18 a tarayyar, bayan an ƙara mata yankunan duwatsu na Punjab kamar Kangra da Kullu a 1966. A watan Disamba kuma gwamnatin Indira Gandhi ta zartar da gyara na 26 ga tsarin mulki, wanda ya soke kuɗin shekara na sarakuna da laƙabinsu, bayan yunƙurin farko ya faɗi a majalisar dattawa a 1970 kuma Kotun Ƙoli ta rushe umarnin shugaban ƙasa da aka nemi a bi ta kansa. Virbhadra yana zaune a majalisar a matsayin wakilin Mandi lokacin da jam'iyyarsa ta yi wannan aiki, kuma bai bar ta ba, ya zauna cikinta har ƙarshen rayuwarsa. Ya riƙe ƙaramin muƙamin minista a ma'aikatar yawon buɗe ido da sufurin sama a 1976, sai guguwar 1977, wadda ta biyo bayan dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, ta kayar da shi tare da sauran 'yan jam'iyyar, abin da ya nuna masa tun da wuri cewa jinin sarauta ba ya hana faɗuwa zaɓe. Ya koma majalisa a 1980, ya zama ƙaramin ministan masana'antu.

Kan kujerar Shimla

A watan Afrilu na 1983 Babban Minista Thakur Ram Lal ya sauka a cikin hayaniyar zargin sare dazuzzuka da fasa-ƙwaurin katako, shugabannin jam'iyya a Delhi kuma suka turo Virbhadra ya karɓi jihar. Ya fara da matsa wa 'yan fasa-ƙwaurin katako lamba, wanda ya ba shi suna na mai tsabtace gida, kuma a zaɓen 1985 Congress ta kwashi kujeru 58 daga cikin 68 na majalisar jiha. Daga nan sai masu zaɓen Himachal suka shiga wata ɗabi'a da ba su sake ba har yau, wato kayar da duk gwamnatin da ke kan mulki a kowane zaɓe. A 1990 jam'iyyar BJP ta Shanta Kumar ta yi wa Congress kaca-kaca har ta bar ta da kujeru 9, Ram Lal kuma ya rama ta hanyar kayar da Virbhadra a mazaɓar Jubbal-Kotkhai, sai kujerar Rohru ta tsohuwar ƙasar Bushahr, wadda ita ma ya tsaya takararta, ce ta cece shi. Ya dawo a 1993 bayan Delhi ta rushe gwamnatocin BJP sakamakon rusa masallacin Babri, ya sake rasa mulki a 1998 lokacin da tsohon abokin hamayyarsa na cikin gida, Sukh Ram na Mandi, ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar, ya ci kujeru 5, ya miƙa su ga Prem Kumar Dhumal na BJP, ta yadda rantsuwar da Virbhadra ya yi a wannan shekara ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Ya sake hawa a 2003, ya sauka a 2007, ya tafi Delhi ya riƙe ma'aikatar ƙarafa daga 2009 sannan ta ƙananan masana'antu, ya komo ya ci zaɓen 2012 yana ɗan shekara 78, ya miƙa mulki ga BJP a ƙarshen 2017.

Wannan jerin hawa da sauka ya isa ya nuna cewa ikonsa daga akwatin zaɓe yake fitowa, kuma akwatin ya sha ƙwace shi. Abin da sarauta ta ba shi wani abu ne dabam, wato wata irin alaƙa da jama'a wadda sauran 'yan siyasa sai sun yi shekaru suna ginawa. Ko bayan doka ta shafe laƙabin, daga masinja har minista, har ma da 'yan adawa, Raja Sahab suke ce masa, ma'ana mai girma sarki. Gidansa na Holly Lodge, a gefen tudun Jakhu na Shimla, ya zama tamkar fada, inda tun da safe mutane kan yi layi riƙe da takardun koke, wannan malamar makaranta ce da ke neman a dawo da ita kusa da iyalinta daga ƙauyen da ƙanƙara ke rufewa rabin shekara, wancan wakilin ƙauye ne da ke neman a ƙarasa musu hanya don tuffarsu ta daina ruɓewa kafin ta kai kasuwa, wani kuma kuɗin jinyar mahaifinsa ya kawo shi. A jihar da gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, kuma bambancin wurin aiki na iya zama bambancin kwana biyu a mota, 'yan kalmomin da Babban Minista zai rubuta a gefen takarda suna iya sauya rayuwar gida guda.

Hatta hular da yake sawa ta shiga siyasa. Hular mutanen duwatsu zagayayya ce mai shafaffen kai, ta ulu, da wani ƙyallen karammiski da ake naɗowa sama ta gaba, kuma a ƙasar Bushahr da Kinnaur ƙyallen kore ne. Da yake Virbhadra ba ya rabuwa da koriyar, sai ta zama alamar Congress a jihar, mai launin jan garura kuma, wadda Dhumal ke sawa, ta zama ta BJP, har ya kasance ana iya karanta ra'ayin taro daga kawunan mahalartansa. Haka nan ya riƙe matsayin gidansa a cikin addinin gargajiyar duwatsu, inda kowane ƙauye ke da abin bautarsa da ake kira devta, wanda ake ɗauka a kan karaga a kafaɗa ana zagayawa da shi da kiɗa da ƙaho, kuma masu kula da shi suna da faɗa a ji a sha'anin ƙauyen.

Abin da aka gina da abin da aka bari

Himachal tana cikin jihohin da ake buga misali da su a Indiya wajen yaɗa ilimi a karkara, domin adadin masu iya karatu da rubutu ya tashi daga kusan kashi 32 cikin ɗari a ƙidayar 1971 zuwa kusan kashi 83 a ta 2011, a jihar da kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanenta miliyan 6.8 mazauna ƙauye ne, kuma masana tattalin arziki irin su Jean Drèze da Amartya Sen sun yi rubutu a kan wannan ci gaba. Adalci ya wajabta a raba yabon, saboda Parmar ne ya ɗora harsashin hanyoyi da gonakin tuffa da dokar gyaran mallakar ƙasa ta 1972, wadda ta mallaka wa masu noman haya gonakin da suke nomawa kuma ta taƙaita sayar da gona ga wanda ba manomin jihar ba, gwamnatocin BJP sun yi nasu, tarayya kuma ta daɗe tana ba jihar tallafi na musamman a matsayinta ta jihar duwatsu. Rabon Virbhadra shi ne nacewa kan kai makaranta da asibiti da ofishin hukuma har ƙauyen da ma'aikatan kuɗi ke ganin yawan mutanensa bai kai a kashe masa wannan kuɗi ba, yana mai kafa hujja da cewa a ƙasar duwatsu nisan tafiya ne ma'auni. Ya kuma yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da ke tsakanin tsohuwar Himachal ta masarautu da yankunan da aka ƙaro daga Punjab, waɗanda ke zarginsa da fifita manoman tuffa na sama, ta hanyar fara zaman majalisa na hunturu a Dharamshala ta gundumar Kangra a 2005, sannan ya ayyana garin a matsayin babban birni na biyu a 2017.

Irin wannan mulki yana da tsadarsa, kuma jihar ta biya. Yawan buɗe cibiyoyi, musamman gab da zaɓe, ya bar wasu makarantu ba isassun malamai, albashi da fansho da kuɗin ruwan bashi kuma suka riƙa cinye kaso mai yawa na kasafin jiha, ko da yake BJP ma ta taka irin wannan rawa a nata lokacin. Dokar 2006 da gwamnatinsa ta kafa don taƙaita sauya addini, a jihar da kashi 95 cikin ɗari mabiya addinin Hindu ne kuma Musulmi ba su wuce kashi 2 da 'yan kai ba, ta tayar da hankalin marasa rinjaye da masu kare 'yancin ɗan Adam, har Babbar Kotun jihar ta soke sashen da ya tilasta wa mai son sauya addini ya sanar da hukuma kwana 30 kafin ya yi, a hukuncin da ta yanke a 2012. Akwai kuma batun rabe-raben jinsi na gado, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar suna cikin ƙananan jinsunan da tsarin mulki ya ware wa kariya, amma duk waɗanda suka yi Babban Minista 'yan jinsin Rajput ne, wato zuriyar mayaƙa da sarakuna, ban da Shanta Kumar wanda Brahmin ne. Shi kansa Virbhadra sai da ya bar mazaɓarsa ta Rohru ya koma Shimla ta Karkara a 2012, bayan sabon shata mazaɓu ya keɓe Rohru ga waɗannan jinsuna.

Zargin almundahana ya bi shi a shekarunsa na ƙarshe. A watan Yuni na 2012 ya ajiye muƙamin ministan tarayya bayan wata kotun Shimla ta tuhume shi a kan wata tsohuwar shari'a da aka gina kan faifan murya, kotun kuma ta wanke shi a watan Disamba, kwana guda kafin rantsuwarsa ta shida. A watan Satumba na 2015 hukumar bincike ta tarayya, CBI, ta kai samame gidajensa bisa zargin mallakar dukiyar da ta zarce kuɗin shigarsa, wadda shi ya ce daga gonakin tuffarsa ta fito, ya kuma kira binciken bi-ta-da-ƙullin siyasa. Shari'ar ba ta ƙare ba har ya rasu a asibitin koyarwa na Shimla ranar 8 ga Yuli, 2021, yana da shekara 87, yana kuma riƙe da kujerar Arki a majalisar jiha.

Gado bayansa

Kafin a ƙona gawarsa a Rampur bisa al'adar Hindu, an yi wa ɗansa Vikramaditya Singh bikin naɗin gargajiya a cikin fadar Padam, bikin da ba shi da wani matsayi a doka amma yana da nauyi a idon mutanen kwarin. Matar marigayin, Pratibha Singh, 'yar gidan sarautar Keonthal, ta ci kujerar Mandi a zaɓen cike gurbi na wannan shekara, ta kuma shugabanci jam'iyyar a jiha lokacin da Congress ta ci kujeru 40 a 2022, zaɓen da aka yi yaƙinsa da hotunan marigayin. Amma da aka zo zaɓen Babban Minista sai jam'iyyar ta tsallake gidan, ta ɗauko Sukhvinder Singh Sukhu, ɗan direban motar haya ta gwamnati, wanda ya yi shekaru yana ja-in-ja da Virbhadra a cikin jam'iyya. A 2024 kuma Vikramaditya, wanda ke riƙe da ma'aikatar ayyuka ta jiha, ya nemi kujerar Mandi, jarumar finafinai Kangana Ranaut ta BJP ta kayar da shi.

Tarihin Virbhadra Singh ya nuna cewa dimokuraɗiyyar Indiya ta karɓi 'ya'yan sarauta bisa sharaɗinta, ta bar musu girman da jama'a ke ba su, ta kuma tilasta musu su riƙa neman izinin talaka duk bayan shekara biyar, kuma Virbhadra ya karɓi wannan sharaɗi da gaske, ya yi kusan shekara sittin yana bin ƙauyuka yana roƙon ƙuri'ar jikokin waɗanda suka yi wa fadar kakanninsa aikin tilas. Wannan abin girmamawa ne, kuma makarantu da hanyoyin da suka isa lungunan duwatsu shaida ne a kansa. Sai dai tsarin da ya sa malamar ƙauye ta yi tafiyar yini guda zuwa Shimla don neman alfarmar abin da ƙa'idar aiki ya kamata ta ba ta a ofishin gundumarta tsari ne da ke ɗaure haƙƙin ɗan ƙasa da lafiya da yardar mutum ɗaya, kuma idan mutumin ya kau, wanda bai san kowa ba shi ke fara shan wahala. Aikin da ke gaban waɗanda suka gaji jihar, ko daga fada suka fito ko daga gidan direba, shi ne su mayar da abin da Raja Sahab ke bayarwa da hannunsa ya zama abin da hukuma ke bayarwa ga kowa bisa doka, kuma da wannan ma'auni ne ya dace a auna su.